Mutuwar Alhamis ta Lawali Mai Giwa

Duk ranar Alhamis Malam Lawali yakan mutu. Ku da kuka yi zama da shi a ofishin ƙungiyarmu ta manoman albasa a Wurno kun san ba sharri nake masa ba. Da hantsi zai shigo, ya jingine babur, ya gaisa da kowa har da tambayar iyali, ya shimfiɗa tabarma a bayan ƙofa, ya cire takalmi ya jera, ya kwanta rigingine, ya ɗora hula a fuska. Sannan ya ce, "To jama'a, na mutu. Ku tada Giwa." Daga nan ko rigarka ce ta kama da wuta ba zai tanka ba.

Giwa ita ce manhajar da ke riƙe da rumbun bayanan ƙungiya. Sunanta na yanka Postgres, amma tambarinta hoton giwa ne, mu kuwa ba mu ga dalilin wahalar da harshe ba. A cikinta ake da sunan kowane manomi namu daga Wurno har Rabah da Goronyo, da gonarsa ta fadama, da awon kusurwoyinta. Kun dai san halin fadama. In ruwa ya malale ya janye, iyaka da kunyoyin gona duk sun shafe, ƙasa ta koma sumul kamar an yi daɓe. Abin da ke cikin Giwa shi ke hana wa da ƙani ɗaga wa juna fartanya. Kuma duk ƙungiyar mutum ɗaya ne ya iya ta, ga shi can kwance a bayan ƙofa.

Aikin Alhamis shi ne mu nuna za mu iya ba tare da shi ba. Mu biyu ne, ni da Madam Rifkatu, sakatariyar ƙungiya, 'yar Zuru. Za mu ɗauki faifan da aka kwafe bayanan a ciki, mu jona shi a laftof ɗin Madam, mu zuba komai a sabon rumbu, mu duba ko ya dawo daidai. Lawali cewa yake kwafin da ba a taɓa gwada tada shi ba ba kwafi ba ne, fata ne kawai. Kuma dole a baƙuwar kwamfuta za a gwada, don ranar da abin zai faru ta ofis ba za ta kasance cikin masu rai ba.

Ni Sanda malamin gona ne. Abin da na sani tsutsa da taki. Laifina kawai shi ne ni taubashinsa ne, uwarsa ƙanwar babana ce, tun muna yara kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne. Na tambaye shi dalilin da ya sa duk ofis ni ya zaɓa.

Ya ce, "Duk garin ga babu mai gaggawarka. In kai ka iya, akuya ma ta iya."

Sai dai gawar tana da tari. Dokarsa ta farko ita ce ba a aiki a kan kwafin ajiya kai tsaye, sai an fara sake kwafe shi gefe, don in hannu ya zame a samu na komawa. Ni kuwa duk mako sai na manta. Da na jona faifai na miƙa yatsa, sai ka ji daga ƙarƙashin hula, "Ƙehem." In janye hannu. In ce, "Bawana, matattu ba su tari." Gawa ta ci gaba da mutuwarta. Idan mun gama, Madam ta duba ta ce komai ya dawo, sai ya ɗage hula ya ce, "To, na tashi. A kawo shayi." Ya sha, ya zayyano mana kurakuranmu tun daga yadda na riƙe waya.

Ranar da ciyaman ɗinmu Alhaji Bube ya fara ganin abin, da baƙi ya shigo. Ya dubi tabarma, ya dube ni.

"Mi as samu Malam Lawali?"

Na ce, "Ya mutu, ranka ya daɗe. Amma yana tashi kahin azahar."

Baƙin ba su zauna ba.

Matarsa Hajiya Balki ma ta yi iya ƙoƙarinta. Ta ce, "Malam, ka bar yi ma kanka mugun baki." Ya ce, "Balki, ke kin san ranar?" Ta ce ba ta sani ba. Ya ce, "Ni ma ban sani ba. Shi as sa nike gwaji." Ta kai ƙara wurin liman. Liman ya saurari kowa, ya ce shi dai bai taɓa cin karo da hanin kwanciya a tabarma ba, amma a rage faɗin kalmar. Lawali ya rage. Ya koma faɗinta a hankali.

Dalilinsa na zaɓen Giwa biyu ne. Na farko kyauta ce, Lawali kuwa in ka ce kyauta, ko allura ce sai ya fara kwance wando. Na biyu buɗaɗɗiya ce, duk mai so yana iya leƙa yadda aka ƙera ta. Shi abin da ba a bari ya ga cikinsa ba ba ya yarda da shi. Ƙosai sai ya raba shi biyu ya duba. Lemon gwangwani bai taɓa sha ba. Fura sai wadda aka dama a gabansa. Wata rana na ce masa, "Kai da Allah, ka taɓa leƙa cikin Giwar nan ka karanta?"

"Ban taɓa ba."

"To?"

"Amma ba a hana ni ba."

Akwai manhajoji masu kyau da ake sarrafa ta da su, da hotuna da wuraren latsawa. Madam ta roƙe shi ya bar mu da su. Ya ƙi. Baƙin allo ne nasa, sai ka rubuta umarni harafi bayan harafi. Ya ce abin da mutum ya rubuta da hannunsa ya san ya rubuta, abin da ya latsa kuwa gobe zai rantse ba shi ba ne.

Babban abokin gabarsa a duniya sunan Bello ne. A ƙauyen Magarya kaɗai in ka tsaya bakin masallaci ka ce Bello, rabin sahu zai waiwayo. Ga kuma mutum ɗaya da zai yi rajista bana da Abubakar, baɗi ya dawo da Garba, wata shekara ya ce shi ne Buba, kuma duk gaskiya ya faɗa. Saboda haka Lawali ya ba kowane manomi lamba, ya ɗaure Giwa yadda ko shi kansa ya so maimaita lamba ba za ta karɓa ba. Akwai Bello Abubakar biyu a Magarya, 'ya'yan wa da ƙani masu amsa sunan kakansu, gonakinsu jingine da juna, ba sa shan inuwa ɗaya. Ɗaya Ɗari da Bakwai, ɗaya Ɗari da Takwas. Haka yake gaishe su ko a wurin jana'iza. "Ɗari da Bakwai, ya haƙuri?" Da farko sun ji haushi. Daga baya har matansu da lambar suke kwatance.

Da aka haifa mini ɗa, ranar suna, ƙofar gida cike da mutane, liman ya sanar an raɗa wa yaro Muhammadu Bello. Kafin a shafa fatiha sai murya daga baya ta ce, "Akwai shi."

Liman ya ce, "Mi kac ce, Malam Lawali?"

"Akwai shi, Allah gafarta Malam. Gidan ga kaɗai akwai biyu."

Liman ya ci gaba da addu'a kamar bai ji ba. Lawali ya ci naman suna, ya sa aka ƙulla masa na gida, kuma har ya bar duniya Na Uku yake kiran yaron.

Dokarsa ta biyu ita ce ba a goge komai sai an fara gani. Kafin ya rubuta DELETE, wato a goge, sai ya rubuta SELECT, wato a nuna, da sharaɗi iri ɗaya, ya ƙirga da ido su wa abin zai hau. Ko zai goge ɗin ma sai ya fara da BEGIN. Ya koya mana shi da yaren kasuwa. BEGIN an shiga ciniki. COMMIT an sallama, ba komawa. ROLLBACK an fasa, kowa ya riƙe kayansa.

Wata shekara aka yi gayyar yashe magudanar ruwa, mutane suka ƙi fitowa. Alhaji Bube ya shigo ofis yana huci.

"Duk wanda bai hito gayya ba, goge shi. Yanzu. Ina tsaye."

Lawali ya ce to. Ya rubuta, ya juya allon ya fuskanci ciyaman. Sunan farko surukin Alhaji ne. Na biyu yayansa. Can ƙasa kuma ga Alhaji Bube da kansa, wanda ranar gayyar yana Sakkwato wurin ɗaurin aure.

Lawali ya ce, "In sallama?"

Alhaji ya daɗe yana kallon allo. Ya ce, "Mi as sunan waccan kalmar ta fasawa?"

"ROLLBACK."

"Yi ta."

Matsalar ita ce Lawali ya ɗauka duniya ma haka take tafiya. Na raka shi kasuwar Goronyo sayen ragon layya. Aka yi ciniki, mai rago ya ce ya sallama, Lawali ya ja igiya har bakin kasuwa yana duban tafiyar ragon. Sai ya juyo ya dawo da shi.

Mai rago ya ce, "Malam, ai na sallama."

"Kai ka sallama. Ni ban yi COMMIT ba."

Mai rago bai san kalmar ba, amma ya san inda sandarsa take. Da ƙyar na shiga tsakani. Labari ya zaga kara, wato kasuwar dabbobi, babu wanda ya ƙara yarda ya miƙa masa igiya. Ƙarshenta ragon nan dai muka ɗora a babur. Rago ne na kirki, kitse har wuya. Lawali ya ci, ya ce ƙafarsa ta hagu dai tana da magana.

Dokarsa ta uku ita ce kwafi ba ya kwana gari ɗaya da uwarsa. Faifai ɗaya yana ofis, ɗaya yana Rabah wurin yayarsa Kulu. Madam ta ce a riƙa tura wani ta intanet. Ya ce ba ya ba da ajiya ga wanda bai san ƙofar gidansu ba. Nan kam kuskure ya yi, kuma yanzu mun gyara, amma ba a gabansa na faɗa ba. Duk mako bayan ya tashi daga mutuwa sai ya sa sabon kwafi cikin safa, safa cikin gwangwanin madara, ya hau babur sai Rabah. Yaya Kulu ta sauko da samirar da ke can saman jerenta, ta karɓi sabo, ta ba da tsoho. A ba ta ɗaya ta ba da ɗaya, haka ya sharɗanta mata. Wata rana shi da kansa ya manta gwangwanin a Wurno, ya ce ta ba shi na wurinta zai dawo da shi. Ta ce ko uwarsu ce ta dawo ba ta bayarwa. Ya dawo hannu wofi, rana ta gasa shi, yana murna kamar an biya masa Makka. Ya ce, "Sanda, tsarin na aiki."

Ni in na je a madadinsa sai ta tsayar da ni a zaure. "Wa nike gani kamar bawan gidanmu? Nuna gwangwani tukuna, kana a ba ka ruwa."

Cikin damina Lawali ya kwanta rashin lafiya, 'yar gajeruwa, har mun ɗauka zazzaɓi ne. Ranar Alhamis da hantsi ni da Madam muna ofis, mun ce ko bai zo ba za mu yi gwajin don mu samu abin yi masa gori. Sai ga maƙwabcinsa ya yi sallama ya tsaya a bakin ƙofa. Ya ce, "Malam Lawali ya rasu."

Madam ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta ce, "Mun sani, yau Alhamis. Ka ce masa mun fara."

Mutumin bai motsa ba. Sai da na dubi idonsa. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba.

Bayan mun kai shi, Alhamis ta riƙa zuwa tana wucewa, babu wanda ya taɓa faifai. Tabarmar tana naɗe a bayan ƙofa, ni ko wajen ba na iya kallo. Na yi kewarsa ƙwarai, har da tarin.

Sai ruwa ya zo, irin wanda tsofaffi suka ce sun daɗe ba su gani ba. Ya shafe fadama, ya shiga ofis har taga. Da ya janye, kwamfutar ofis da faifan da ke cikin durowa duk laka ce. Laftof ɗin Madam kaɗai ya tsira, don da shi take tafiya gida, shi kuwa babu bayanan a ciki, duk gwaji in an gama gogewa ake yi. Gonaki sun koma fili ɗaya, ga irin albasa ya isa dashe yana neman wuce lokaci. Mutane suka fara zarya. Ɗari da Bakwai da Ɗari da Takwas suka zo tare, kowa da fartanya a kafaɗa, kowa na rantsuwa iyaka daga wani kututture take, kututturen kuwa ruwa ya tafi da shi. 'Ya'yansu maza suna tsaye a baya, ba mai dariya.

Alhaji Bube ya ja ni gefe. "Sanda, ka iya?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban taɓa gamawa ba sai da tari."

Ya ce, "To tahi Rabah."

Duk hanya ina tunanin abin da zan gaya wa Yaya Kulu. Ba ni da gwangwani, ba ni da abin musanya, kuma na san matar da ta kori ƙanenta. Na yi sallama a zaure ina jiran gori. Ta fito, ta dubi hannuna, ba ta ce bawan gidanmu ba. Ta koma ciki. Na ji ƙarar samira. Ta dawo da gwangwani a hannu ɗaya, kwanon ruwa a ɗaya.

Na ce, "Yaya, ban zo da na musanya ba."

Ta ce, "Na gani. Ya ce mini ran da kaz zo hannu wohi kada in tambaye ka komi. In ba ka, in ba ka ruwa ka sha, don ya san ba ka tsaya shan komi ba ka taho." Ta goge ido da bakin mayafi. "Sha, kana ka tahi. Kuma ka bi a hankali, shi yac ce in faɗa maka."

A barandar gidan Madam muka zauna da la'asar. Alhaji Bube yana kan benci, Bello biyu suna ƙarƙashin darbejiya, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya. Na fito da faifai daga safa. Duk duniya shi kaɗai ya rage. Na jona shi, baƙin allo ya buɗe, na ji idon mutane a ƙeyata, na miƙa yatsa zan fara zubawa.

"Ƙehem."

Na janye hannu. Na waiwaya bayan ƙofa, babu kowa sai tsintsiya. Madam Rifkatu ce, ta rufe baki da hannu, idonta cike da ƙwalla.

Ta ce, "Yi haƙuri, Malam Sanda. Kwafe shi gefe tukuna."

Na kwafe. Na buɗe sabon rumbu, na zuba, harafi bayan harafi kamar yadda bawan nan ya azabtar da mu. Rubutu ya riƙa gudu a allo, sannan ya tsaya. Madam ta karɓa ta duba teburin manoma, ta duba na gonaki, ta kira sunaye daga Rara, daga Tursa, daga Magarya. Ta nemo Ɗari da Bakwai, ta nemo Ɗari da Takwas, kowa da awon kusurwoyinsa. Ta ce, "Komai ya dawo."

Washegari da muka je da na'urar awo muka kafa turaku, iyakar ta bi ta inda babu wanda ya faɗa a cikinsu. Dukansu suka tafi suna ƙunƙuni daidai wa daida, suka yi dashensu, ba a zubar da jinin kowa ba. Amma wannan na washegari ne.

A ranar, da Madam ta ce komai ya dawo, sai muka zauna muna jira, ni da ita. Alhaji ya ce, "To mi kuke jira?" Wurin nan ne ake ɗage hula a ce a kawo shayi. Madam ta tashi ta shiga ciki, ta fito da tire, sai da ta ajiye muka ga kofi uku ta jera, har da mai tsagaggen hannun nan da ba mai sha da shi sai mutum ɗaya. Alhaji ya miƙa hannu zai ɗauka, ya duba fuskokinmu, ya janye. Shayin nan a wurin ya huce. Na yi kuka a gaban Bello biyu, ban ji kunya ba.

Yanzu ni nake mutuwa ranar Alhamis. An sayi sabuwar tabarma. Madam da sabon ma'aikacinmu su ke tada Giwa, ni ina kwance da hula a fuska, kuma sai yanzu na gane riƙe tari aiki ne.

Allah ya jiƙan Lawali ɗan gwaggona, ya yafe masa, ya yalwata masa makwanci. Ya tsare mana amanar da ya bari, ya ba Balki da Yaya Kulu haƙuri. Ranar da za a tada kowa, Allah ya tashe shi cikin aminci, ya tarar duk alherin da ya aikata an adana masa, babu ko ɗaya da ya ɓace. Amin.